Ni Na Zare Tsumman Bututun, Kuma Ban Yi Nadama Ba

Anti mai shawara,

Ki taimake ni don Allah, autana na shirin barin gida. Amma tun kafin mu yi nisa ki sani, ban rubuto don a ce mini in ba da haƙuri ba. Wannan kowa a gidana ya riga ya faɗa, har da waɗanda na goya a bayana. Dabara nake nema wadda za ta zaunar da yaron nan ba tare da na zubar da girmana ba.

Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar. Na yi sakandare na gama, saboda haka ba a yi mini kallon wadda ba ta san zamani ba. Da kunne na raini 'ya'yana. A gidana ba a rufe ƙofa sai ta banɗaki. Ina kicin ina yanka albasa na san wanda ya buɗe firji, na san wanda ya shigo falo da takalmi, na san wadda ta rage murya a waya. Daga takun yaro nake gane an ba shi sakamakon jarrabawa kuma bai yi kyau ba. Huɗu sun girma sun kama gabansu, babu wanda ya taɓa jawo mini abin kunya. Allah ne ya shirya su, na sani, amma kunnena ma bai yi barci ba. Iyayen yanzu da ke barin yaro ya kulle ɗaki da waya a hannu, su suka san amsar da za su bayar gobe.

Gidanmu a gangare yake, don haka akwai ɗaki a ƙarƙashin kicin, ana sauka da matakala. Don ajiya aka yi shi, kuma shekara da shekaru babu komai ciki sai matattun kekuna da fasassun bokitai. Akwai wani bututu mai faɗin bakin kofi da ya taso daga silin ɗakin ya ɓullo a bayan kabad ɗin kicin. Magini ya bar shi don wani famfo da ba a taɓa haɗawa ba. Ta nan nake kiran yara da suna ƙanana idan sun sauka wasa.

Autana ya gama makarantar koyon aikin lantarki, ina murna zai kama sana'a, sai ya ce shi ɗaukar sauti yake so: tallan rediyo, masu karanta littattafai, masu waƙa. Ya ce a ba shi ɗakin ƙasa ya mai da shi situdiyo. Na ƙi. Babansa, wanda tun da ya yi ritaya ko ganga aka buga a kansa ba ya ji, ya ce a bar yaro ya gwada. Da na yi tunani sai na ga gara ya yi abin a ƙarƙashin ƙafata da ya yi shi a wani shago inda ban san da wa yake zama ba. Na gindaya sharuɗɗa: ba taba, ba shisha, ba waƙar batsa, mace ba ta sauka ita kaɗai, kuma salla a kan lokaci. Ya ce ya ji ya gani.

Ba zan tauye masa haƙƙi ba, yaron ya yi aiki. Ba shi da jari, ni kuma ban ba shi ba. Ya kwashe tarkacen, ya kankare bangon da ya yi laima, ya shafa fenti mai hana ruwa. Sannan ya bi masu sayar da ƙwai yana roƙon kwalaye, ya liƙe bango kaf da su, ɗakin ya koma kamar gidan kaji. Ya kunna sifika ya hau sama ya saurara. Komai na fitowa raɗau, har cokulana na rawa a kwando. Na ce masa da ya tambaye ni da na hutar da shi, kwalin da bai hana ƙwai fashewa ba ina zai tare ganga? Ya koma ya ɓamɓare su.

Daga nan ya shiga abin da gaske. Wani kafinta ya bar masa tsofaffin katakai da falankai da aka ciro daga wani ofis da ake gyarawa. Ya gina bango na biyu a cikin ɗakin, ya bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da na asali, ya cusa tsofaffin barguna da ƙyallayen da teloli ke zubarwa. Silin ma haka. Katifar baƙina ta soso ya yayyanka, ban yafe wannan ba tukuna. Ƙofa kuwa biyu ya haɗa ya ɗura yashi a tsakaninsu, ta yi nauyin da sai ka sa kafaɗa. Ya yanka tsohon tub ɗin tayar mota ya bi gefenta da shi don kada a bar ko ƙaramar kafa. 'Yar tagar da ke sama, wadda ke kallon tsakar gida, ya toshe ta da bulo. Bututun kuma ya danna masa tsumma har wuya. Hannuwansa duk sun yi kanta, ya rame, har na fara ƙara masa abinci ban gaya masa dalili ba.

Ranar da ya gama ya tara mu a kicin, ya sauka ya ƙure kiɗa, ya ja ƙofa. Shiru. Babansa ya hau tafi, ko da yake shi kullum a shirun yake. Ni kuwa, Anti, ban yi tafi ba. Ina tsaye a kicin ɗina, ɗana na ƙarƙashin tafin ƙafata, ban san ko dariya yake ba ko shaƙewa. Tun da na yi aure ban taɓa kurumcewa a gidana ba sai ranar.

Mutane suka fara zuwa. Samari masu aski iri-iri, 'yan mata bibbiyu, da wani dattijo tsohon malamin makaranta. Su gaishe ni da ladabi, su sauka, ƙofa ta rufe, shi ke nan kamar an binne su. In sun fito sai ka gan su sharkaf da gumi, ido jajir, autana na dafe da kai yana neman maganin ciwon kai. Ya ce zafi ne. Ni na san abin da ke sa idon samari ja, ba yau aka haife ni ba. Ga kiran salla yana wuce shi, sai na sauka na yi ta dukan ƙofar yashi kamar mai dukan dutse. Na ce a riƙa barin ƙofar a buɗe. Ya ce Mama, buɗaɗɗiyar ƙofa da rashin situdiyo duk ɗaya ne.

To, sai na janye kabad, na miƙar da wayar hangar rataye kaya, na zaro tsumman nan tas. Na mai da kabad na bar 'yar tazara, na ajiye kujerata a wurin. A nan nake gyaran kayan miya ina sauraro.

Zan faɗa miki gaskiyar abin da na ji, don ba na ƙarya. Yawanci abin gundura ne. Layi ɗaya na tallan sabulu a yi ta maimaita shi har na haddace. Dattijon nan kuma littattafan makaranta yake karantawa don yara marasa gani. Sau ɗaya wani yaro ya rero wani baiti a kan ƙugun mace, na miƙe zan sauka, sai na ji autana ya kashe kiɗan ya ce masa ba a gidan mahaifiyarsa ba, ya canza ko ya tafi. Na koma na zauna. Ki gaya mini, in ban saurara ba ta ina zan san wannan?

Aikin dattijon shi ne mafi girma da autana ya taɓa samu, wata ƙungiya ce ta ba shi. Da ya zo tacewa bayan an gama, sai ya ji ƙananan ƙararraki a ƙarƙashin muryar: ƙarar cokali, zubar famfo, tari. Ya ɗauka bangonsa ne ya gaza. Ya bi ɗakin lungu-lungu yana kara kunne, bai gano ba, don bakin bututun ta cikin ɗakin yana bayan falankin silin. Sai ya ɗauki guduma ya fara ɓalle bangon ɓangaren kicin, wanda ya fi shan wahala a kansa. Ina tsaye ina kallo yana fito da katakai ɗaya bayan ɗaya. Ban ce komai ba. Ni ba na kai rahoton kaina wurin ɗan da na haifa. Kafin ya gama neman, dattijon ya kwanta rashin lafiya, ba halin sake karatu, ƙungiyar ta kai aikin wani wuri.

Ya gano ne da ya ƙure ƙarar wani wuri a abin da ya ɗauka, ya ji muryata ƙarara ina yi wa babansa faɗa ya bar famfo a buɗe. Ya hawo da ƙura a kansa. Bai ɗaga murya ba, ban raine shi haka ba. Ya janye kabad, ya dubi bututun, ya dubi kujerar, ya dube ni. Abin da ya ce kawai, da na gaya masa da bai rushe bangon ba.

Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. A waje yake cin abinci. Bangon na nan a rushe. Yayarsa, babbar 'yata da ke aikin jinya, ta ce ya samu ɗaki a bayan shagon wani abokinsa, ƙarshen wata zai kwashe kayansa. Ita ta ce in ba shi haƙuri. Ƙanwata ta ce abin da na yi laɓe ne. Babansa ya ce ke dai da kunnen nan naki. Na ce musu gidana ne, kicin ɗina ne, bututuna ne, tsumman ma tsohon zanina ne. Uwar da ke jin kunyar sanin abin da ɗanta ke yi ba ta gama zama uwa ba. In aka mai da hannun agogo zan sake zarewa.

Ba zan durƙusa wa yaro ba. Amma in ya tafi bayan shagon nan, ko tarinsa ba zan ƙara ji ba. Yaya zan yi?

Uwar da ba ta kurumce ba

*

Maman Auta,

Na karanta wasiƙarki na yi dariya a wurin kwalayen ƙwai, na daina a wurin guduma. Ba zan ce ki durƙusa ba. Amma tunda kin ce ba kya ƙarya, ni ma ba zan yi miki ba.

Bari in fara da inda kike da gaskiya, don ya fi yadda kike zato. Gidanki ne, sharuɗɗanki ba su yi tsauri ba, kuma faɗuwar gaban da kika ji ranar da ƙofar ta rufe ba shirme ba ce. Sai dai kin karanta jan idon nan a baibai. Na tambayi wani da ya daɗe yana wannan aiki, ya ce ɗakin da aka toshe tagarsa da bulo, aka bi ƙofarsa da roba, aka danne bututunsa, ɗaki ne da iska ba ta shiga ba ta fita. Mutum uku su wuni a ciki, dole su fito da gumi da jan ido da ciwon kai. Ga kuma soso da ƙyallaye a jikin wayoyin lantarki, da ƙofa ɗaya tilo mai nauyi. Wannan shi ne abin tsoro a ɗakin ɗanki, ba shisha ba. Ɗakin na bukatar kafa. Ba irin wadda kika buɗe ba dai.

Yanzu ɗaya ɓangaren. Muryoyin da kika saurara ba na ɗanki kaɗai ba ne. Mutane sun sauka ɗakin bisa amanar cewa babu mai jin su, kuma wannan amana ita ce abin da yake sayarwa. Duk da haka ba sauraron ne ya fi yi masa ciwo ba, ai ya faɗa miki da bakinsa. Shirun da kika yi ne yana rushe aikin hannunsa a gabanki, alhali kalma ɗaya za ta ajiye gudumar. Ba rahoton kanki zai zama ba, ceton gumin ɗanki ne. Ke da kika lura da kantar hannunsa har kika ƙara masa abinci, kin san abin da bangon nan ya ci.

Kin tambaye ni ta ina za ki san ya tsawata wa mai baitin nan in ba ki saurara ba. To kin sani yanzu. Yaron ya kashe kiɗa ya ambaci mahaifiyarsa a lokacin da ya tabbata ba kya jin sa. Abin da kika yi shekaru kina shukawa ke nan, ya tsaya da ƙafarsa a bayan ƙofar yashi. Bututun ya ba ki amsarki. Ba ki da sauran abin nema a cikinsa.

Ga abin da za a yi, kuma yawancinsa da ragowar kayan da ke tsakar gidanki za a yi shi. A cire bulon tagar. A madadinsa a ƙera akwatin katako mai lanƙwasasshiyar hanya a ciki, a shimfiɗe shi da bargo, a sa ƙaramar fanka a bakinsa. Iska na bin kwana ta wuce, sauti kuwa yana raunana a kowace kwana. Ana son biyu, na shiga da na fita, kuma janareto ya yi nisa da su. Soson katifarki a raba shi da wayoyi, abin da aka cusa a bango a rufe shi ruf da falanki, a rataye abin kashe gobara kusa da ƙofa, ƙofar kuma ta zama mai buɗuwa daga ciki ba sai da makulli ba. A yanka 'yar taga a jikinta a sa gilashi biyu masu kauri da tazara a tsakani. Abin da kunne ya rasa, ido ya samu, kuma kowa ya san ana ganin sa, babu laɓe a ciki.

Bututun kuwa kada a bar shi haka, kada kuma a yi asararsa. Ɗanki mai lantarki ne. Ya zura waya ta ciki, sannan ya toshe shi da kyau. Ƙwan fitila ɗaya a ƙasa, makunninsa a kicin ɗinki, ki danna in lokacin salla ya yi ko abinci ya sauka. Ɗaya kuma ja a kicin, makunninsa a wurinsa, in ya kama kin san ana ɗauka, in ya ƙifta kin san ya amsa miki. Tsakanin aiki da aiki a buɗe ƙofa a sha iska. Abin da ya kammala kuma, in mai shi ya yarda, ya hawo ya kunna miki ki ji a sarari kina zaune a kujerarki.

Amma duk wannan ba zai yiwu ba sai kin sauka matakalar nan da ƙafarki kafin ƙarshen wata. Kada ki aiki yayarsa, kada ki aiki babansa. Ba sai kin ce kin yi nadamar damuwa da shi ba, don ba ki yi ba, shi ma ba zai yarda ba. Ki ce masa kin ga yana rushe bangon kika yi shiru, kuma wannan bai dace ba. Iyakarta ke nan. Ki tambaye shi jikin dattijon. Sannan ki gaya masa maganar iska, ki ce ba za ki bari a sake rufe ɗakin ba sai an gyara ta. Kin ga ga sabon sharaɗi na ba ki, na san ba kya son zuwa hannu rabbana. In ya ɗauko falanki, ki riƙe masa gefe ɗaya. Girmanki ba zai zube a nan ba. Yaro bai taɓa raina uwar da ta faɗi gaskiya a kan kanta ba.

Yana iya cewa duk da haka zai tafi. Shekarunsa sun kai. In ya zama haka, ki sa masa albarka ki tambaye shi ko ɗakin bayan shagon yana da taga. Wanda ya fita da albarka yana dawowa cin abinci. Amma zatona yaron da ya ce ba a gidan mahaifiyarsa ba, ba gidan yake gudu ba. Jira yake ki sauko.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba dattijon lafiya, ya bar miki kunnenki. Ya kuma nuna miki ranar da za ki danna makunni kina yanka albasa, jar fitila ta ƙifta miki daga ƙasa, ki ci gaba da aikinki hankali kwance.

Anti